Kawaguchi, garin da ke tsallaken kogi da Tokyo: wa ke biyan kuɗin garin da mutanensa ke wuni a wani gari?

Ɗan Kuseri:

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Kowa ya san yadda safiyar Kuseri take: jama'a su yi ta kwarara zuwa gadar Ngeli don tsallakawa Njamena ta ƙasar Chadi, masu kaya da 'yan makaranta da ma'aikata, da yamma kuma a dawo. Haka Pitowa take da Garwa. Na ji an ce a Japan akwai manyan garuruwa da wannan ce rayuwarsu, a kwana a cikinsu a wuni a Tokyo, kuma an ambata min ɗaya mai suna Kawaguchi, wanda shi ma kogi ne ya raba shi da babban birnin. Yaya ƙasar garin take, kuma ta yaya ya zama haka? Wa ke mulkinsa? Abin da ya fi damuna kuma, a ina meri, wato ofishin magajin gari, take samun kuɗin hanya da kwata da makaranta, tun da mutanen can suke neman abincinsu a wani gari? Da batun ambaliya, don mu nan ba mu manta da 2022 ba.

Malamin Labarin Ƙasa, Marwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kawaguchi tana kudu maso gabashin jihar Saitama. Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 62 ba, amma mutanen da ke ciki sun kai 600,000. Kogin Arakawa ne iyakarta ta kudu. In ka hau jirgin ƙasa a tashar Kawaguchi, tasha ta gaba ita ce Akabane, kuma ka riga ka shiga Tokyo.

Ƙasar garin kashi biyu ce. Kudu da yamma fadama ce shimfiɗaɗɗiya, a nan cunkoso yake, a nan kuma ruwa ke kwanciya. Arewa maso gabas jigawa ce mai ɗan tudu, inda unguwar Angyo take, wadda tun ɗaruruwan shekaru aka san ta da renon itatuwa da furannin sayarwa.

Ba da kwanan ma'aikata garin ya fara ba, da ƙira ya fara. A zamanin Edo, wato ƙarni na 17 zuwa na 19, zango ne a kan hanyar da shugabannin soja na lokacin ke bi zuwa garin Nikko. Yashi da yumɓun bakin kogi sun dace da yin mazubin narkakken ƙarfe, kwale-kwale kuma na kai kaya kasuwar Edo, wato Tokyo ta yau, sai garin ya cika da maƙera masu zuba tukwane da kasake. Kaskon da aka kunna wutar wasannin Olamfik na 1964 a cikinsa, maƙeran Kawaguchi ne suka zuba shi. An buɗe tashar jirgi a 1910, garin ya samu matsayin birni ranar 1 ga Afrilu 1933.

Daga shekarun 1970 sana'ar ta fara ja da baya: man fetur ya yi tsada, maƙwabta na kukan hayaƙi da ƙara, fili kuma ya yi darajar da sayar da shi ya fi riƙe maƙera riba. Sai aka riƙa rushe masana'antu ana gina dogayen gidajen bene a gurbinsu. Ɗaya daga cikinsu, Elsa Tower da aka gama a 1998, hawa 55 ne. A 2001 aka ƙara layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke shiga Tokyo kai tsaye, a 2011 kuma garin Hatogaya ya haɗe da Kawaguchi.

Tsohon Ma'aikacin Meri, Garwa:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni zan taɓa mulki da kuɗi, don a nan amsar ɗanmu take.

Dokar cin gashin kan ƙananan hukumomi ta 1947 ce ke tafiyar da garuruwan Japan. Bambanci na farko da namu: a Kamaru kansiloli muke zaɓa, su kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. A can jama'a ne ke zaɓen magajin gari da ƙuri'arsu, su zaɓi majalisa da wata ƙuri'ar daban, kowa shekara 4. Majalisar Kawaguchi kujera 42 ce. In majalisa ta yanke ƙauna daga magajin gari tana iya kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, amma sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun halarta, kuma uku cikin huɗu na waɗanda suka halarta sun yarda. Daga nan yana da kwana 10: ko ya rushe majalisar a koma zaɓe, ko ya sauka. Talakawa ma suna da hannu. Sa hannun mutum ɗaya cikin kowane 50 na masu zaɓe ya isa a tilasta gabatar da daftarin dokar gari a gaban majalisa. Gwamnan jiha shi ma zaɓaɓɓe ne, ba naɗaɗɗe kamar gwamna da perefe a wurinmu ba.

Birane kuma hawa-hawa ne. Wanda ya kai mutum 200,000 yana iya neman matsayin da zai ba shi wasu ayyukan jiha, kamar ofishin kiwon lafiyar jama'a da ba da lasisin gidajen abinci. Kawaguchi ta hau wannan matsayi a Afrilun 2018.

To, kuɗi. Harajin mazauni yana bin inda mutum yake kwana, ba inda yake aiki ba. Ga yadda ake yi. Duk wanda ya tare a gari dole ya je meri cikin kwana 14 ya shiga rajista, kuma tun 2012 baƙi ma suna cikin wannan rajista. Garin da sunanka yake a rajistarsa ranar 1 ga Janairu, shi ke da harajinka na shekarar. Kafin ƙarshen Janairu kamfanin da kake wa aiki, ko da a tsakiyar Tokyo yake, zai aika wa merin garinku takardar abin da ya biya ka bara. Meri ta yi lissafi: kashi 10 cikin 100 na abin da ya rage bayan rangwame, 6 na gari, 4 na jiha. Sai kamfanin ya riƙa cirewa daga albashi sau 12, daga Yuni zuwa Mayu, yana turawa. Mai sana'ar kansa shi ke biya da hannunsa, sau 4 a shekara.

Ƙafa ta biyu ita ce harajin fili da gini, kashi 1.4 cikin 100 na ƙimar da aka yi wa dukiyar, ana sake ƙimar duk shekara 3. A cikin gari ana iya ɗora harajin tsara birni da bai wuce kashi 0.3 ba. In duk wannan bai kai abin da ake lissafin gari na bukata ba, gwamnatin tsakiya na cike giɓin ta hanyar wani ƙayyadadden lissafi, ba don magajin gari ya san wani a babban birni ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai burge ni.

Ɗan Kuseri:

Na gode, Baba. Amma mu nan ƙasa biyu ce, kuma yawancin masu tsallakawa ba su da takardar albashi. Mai tura amalanke ko mai kulando, wa zai aiko da takardarsa?

Tsohon Ma'aikacin Meri, Garwa:

Gaskiyarka, ɗana. Wancan ba zai ɗauku zuwa Kuseri yadda yake ba. Ko Pitowa da Garwa da suke ƙasa ɗaya, albashin da ke kan takarda kaɗan ne. Abin da zai ɗauku shi ne rajista biyu, ta mutane da ta filaye. Mutum yana iya ɓoye cinikinsa, amma gida ba ya ɓoyuwa. Bulamomi da jaurawa sun san kowane gida a unguwarsu. Abin da ya rage shi ne wannan sani ya shiga littafi, kowane fili da lambarsa da sunan mai shi.

Mai Awon Fili, Njamena:

Ranka ya daɗe Alhaji, a nan nake so in sa baki, don rajistar fili ba ta da amfani in an riga an gina unguwa babu hanya.

Dokoki uku ne suka riƙe garuruwan nan. Ta 1968 ta raba ƙasar da ke kewayen birni gida biyu: inda ake son gari ya faɗaɗa, da inda aka taƙaita gini. Ta 1950 ta ce ba a gini a fili sai ya taɓa hanya mai faɗin mita 4 da aƙalla mita 2 na gabansa. In tsohon lungu ne da bai kai mita 4 ba, ba a rushe gidan kowa, amma ranar da za ka sake gini sai ka ja katangarka baya har ta yi mita 2 daga tsakiyar lungun. A hankali lungun ke buɗewa, gida bayan gida.

Ta uku, ta 1954, ita ce ta sake yanka filaye, kuma ita ce ta fi dacewa da bakin garuruwanmu. Masu gonaki a yanki ɗaya su kafa ƙungiya, da yardar kashi biyu cikin uku nasu. A auna filin kowa, a zana tituna da kwatoci da filin wasa, kowa ya ba da wani kaso. A ce kana da murabba'in mita 500 aka yanke kashi 30, za a mayar maka da 350, amma mai kusurwa huɗu, a bakin titi, da magudanar ruwa. Daga abin da aka yanke ake ware wasu filaye a sayar a biya kuɗin aikin. Inda abin ke lalacewa wuri biyu ne. In farashin fili ya faɗi kafin a sayar da waɗanda aka ware, ƙungiya ta shiga bashi, kamar yadda ya faru da yawa bayan faɗuwar farashi a farkon shekarun 1990. In kuma an bari gidaje sun riga sun cika wurin, sai an ɗaga kowane gida an biya diyya, aikin shekara 10 ya koma na 30.

Batun ruwa kuwa, ba meri ce ke riƙe da babban kogi ba, gwamnatin tsakiya ce. Bayan ambaliyar 1910 aka haƙa wa Arakawa sabuwar hanya mai tsawon kilomita 22 da faɗin kusan mita 500, daga 1911 zuwa 1930, da ƙofar ruwa a Iwabuchi, daidai tsallaken Kawaguchi. Injiniyan aikin, Aoyama Akira, ya taɓa aiki a mashigin Panama. Duk da haka guguwar 1958 ta nutsar da unguwannin fadamar Kawaguchi, domin ƙaramin kogin Shiba da ke ratsa garin ya rasa inda zai zubar da ruwansa. Shi ya sa aka yanka masa sabon reshe. Ku lura da wannan sosai, 'yan Kuseri da 'yan unguwar Walia ta Njamena: in babban kogi ya cika, dole a rufe ƙofofin kwata don kada ya shigo, ruwan saman da ya sauka a cikin gari kuma ya rasa mafita. Datsi ba tare da injin tsotsa da wurin ajiye ruwa ba, rabin aiki ne. A sama da Kawaguchi kaɗan an bar wani makeken fili a cikin kwarin kogin, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 39. Da rani filin wasanni ne. A guguwar Oktoban 2019 ya shanye kusan miliyan 35. A Kasukabe kuma akwai ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 6.3 da aka gama a 2006, amma wannan kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Filin da aka hana gini a kai shi ne abin da za mu iya.

Hajiya Mai Lissafi, Ngaundere:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Kada dai ɗanmu ya tashi da zaton komai lafiya lau ne a can, don irin wannan gari yana da ciwonsa.

Na farko, tsufa. Unguwar da aka gina lokaci ɗaya, ma'aurata masu shekaru ɗaya suka tare, lokaci ɗaya suke yin ritaya. A sabon garin Tama da ke yammacin Tokyo, wanda aka fara tarewa a 1971, an rufe makarantun firamare saboda rashin yara, ga tsofaffi a hawa na biyar a benayen da ba su da na'urar hawa. Tun da harajin mazauni daga albashi yake fitowa, yana raguwa daidai lokacin da kuɗin kula da tsofaffi ke ƙaruwa. Alhaji bai faɗi wannan gefen ba. Garin da ba shi da masana'antu da kasuwa nasa, ƙafarsa ɗaya ce.

Na biyu, tun 2008 akwai tsarin da ya ba mutum damar tura wani ɓangare na harajinsa zuwa garin da ya ga dama, a matsayin gudummawa, su kuma su aiko masa da tukuicin shinkafa ko nama. Ƙauyuka sun amfana, amma daga aljihun garuruwa irin Kawaguchi kuɗin ke fita, shara da makaranta kuwa suna nan a wuyansu.

Na uku, abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ranar 28 ga Janairu 2025 titi ya rufta a Yashio, cikin jihar Saitama ɗin nan, ya haɗiye babbar mota da direbanta. Bututun ƙazantar ruwa ne mai faɗin mita 4.75, wanda aka binne a farkon shekarun 1980, iskar da ke tashi daga ƙazantar ta cinye simintinsa. Aka roƙi mutum kusan miliyan 1.2 su rage wanka da wanki, har da wani yanki na Kawaguchi. Duk wanda zai zana kasafin gina kwata ko datsi, ya sa kuɗin dubawa da gyara na kowace shekara a takarda ɗaya da kuɗin ginin.

Sai kuma hanyar fita. Tashar Kawaguchi layi ɗaya ne ke tsayawa a cikinta, ga jirage masu nisan zango suna wucewa ta gabanta ba sa tsayawa. In layin ya samu matsala da safe, sai a tare mutane a bakin ƙofa, jerin gwano ya fito har waje. Garin ya yi shekara da shekaru yana neman kamfanin jirgin ƙasa na JR East ya ƙara masa wurin tsayawar wani layin, kuma garin ne zai ɗauki nauyin yawancin kuɗin. Ku da kuke da mashiga ɗaya zuwa Njamena kun fi ni sanin abin da rufewarta ke jawowa.

Ɗan Kuseri, in za ka kai wa kansilanku magana ɗaya mai sauƙin farawa, ga ta. Merin da yankinta ke cikin haɗarin ruwa a can tana buga taswirar ambaliya, launi-launi, tana nuna zurfin da ruwa zai kai a kowace unguwa da makarantar da za a gudu zuwa, ana raba ta gida-gida. Tun Agustan 2020 dillali ba ya sayar da gida ko ba da haya sai ya nuna wa mai karɓa inda gidan ya faɗo a taswirar. Alamar ruwan 2022 da na 2024 tana nan a jikin katangu da yawa a unguwanninku. A sa matasa su bi da ma'auni da waya, su rubuta tsayinta gida-gida kafin a sake yaɓe.