Yarinya tana ƙanƙance ido in tana kallon allo, a kai ta asibiti ko zai wuce?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina Unguwar Rogo nan Jos. Hassanata ce shekararta 7, malamarsu ta kira ni jiya take cewa duk abin da aka rubuta a allo sai ta kwafa ba daidai ba, amma in aka dawo da ita bencin gaba sai ta yi daidai. Ni ma a gida na lura in ana kallo sai ta je ta manne da talabijin tana ƙanƙance ido, da faɗa nake mata ina cewa rashin ji ne, wallahi abin ya tsaya min a rai tun jiya. Idon ba ja, ba ƙaiƙayi, ba kwantsa, ba ta taɓa cewa yana ciwo ba. Na ce zan kai ta a duba, Hajiyar maigidana ta ce kar na soma, wai in aka sa wa yaro gilashi tun yana ƙarami idon ƙara mutuwa yake. Baban su kuma ya ce zai sayo mata irin gilashin da ya saya wa kansa a kasuwar Terminus. Gaskiya na rasa na kamawa. Kuma me ake yi ne a gwajin, da zafi?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Maman Biyu ki kai ta, kar ki jira ido ya yi ciwo, irin wannan matsalar ba ta ciwo, kuma yaro bai san yadda wasu ke gani ba balle ya yi ƙorafi, shi a wajensa haka duniya take. Gwajin babu zafi ko kaɗan. Za a zaunar da ita mita 6 daga wani allo mai haruffa, a rufe ido ɗaya a gwada ɗayan, wanda bai iya karatu ba akwai allo mai harafin E kawai, yana nunawa da hannu inda ƙafafun suka kalla. In kin ji an ce 6/6 to gani lafiya lau, in aka ce 6/18 ma'ana abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 18 ita sai ta matso mita 6. Yara yawanci ana ɗiga musu magani kafin a auna gilashi don idon ya saki, zai ɗan yi mata yaji na ɗan lokaci sannan ta riƙa gani dishi-dishi kuma hasken rana zai dame ta, wani lokaci har washegari, don haka kar ki kai ta ana gobe jarabawa.

Maganar Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, mutane da yawa haka suka ɗauka. Abin da ke faruwa shi ne idon yaro girma yake yi tare da jikinsa, lambar gilashin tana iya ƙaruwa ko ya sa ko bai sa ba, sai a ɗora wa gilashin laifi. Abin tsoron ma shi ne a bar shi, musamman in ido ɗaya ya fi rauni, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da shi ta dogara da mai ƙarfin, kuma gyaran wannan ya fi cin nasara kafin shekara 7 zuwa 8. Kin ga ke a bakin gaɓa kike.

Gilashin kasuwa kuwa na karatu ne, na waɗanda suka haura 40 rubutun kusa ya fara musu wuya. Yarinyar da nesa ne ba ta gani in ta sa shi allon ƙara dushewa zai yi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo suna da sashen ido, asibitin Jankwano ma haka.

Ɗan Gangare:
Ni ba kan yarinyar zan yi magana ba, Anti ta gama. Maigidanki nake ji. In har ya kai shekarun sayen gilashin karatu to ya kai shekarun a auna masa hawan jinin ido, gilakoma kenan. Mahaifinmu direba ne, shekaru yana Jos zuwa Bauchi, bai taɓa cewa idonsa na ciwo ba, sai muka ga yana tuntuɓe da buta da kujera in suna ta gefensa, ya ce tsufa ne ya canza gilashi sau biyu a kasuwa. Da muka je asibiti likita ya ce na hagu jijiyar ta riga ta tafi, na dama ake ƙoƙarin ceto da maganin ɗigawa kullum har ƙarshen rayuwa. Ciwon daga gefe yake fara cin gani, tsakiya tana nan garau shi ya sa mutum ba ya farga. Yanar ido in aka yi aiki gani yana dawowa, wannan kuwa abin da ya tafi ya tafi. Kuma yana bin jini, likitan ya ce duk 'ya'yansa mu riƙa zuwa, ni yanzu duk shekara sai na je, awon ba ya cin minti biyar, lamba 10 zuwa 21 ake ɗauka daidai amma sai sun leƙa jijiyar ma don wani lambarsa daidai ce kuma yana da shi. Har yau ina tuna ranar da Baba ya miƙa makullin motar.

Maman Ɗalibai:
Ni malama ce a firamare, kusan duk aji sai ka samu mai irin wannan a baya ana kiransa daƙiƙi. Ki roƙi malamar ta bar ta a gaba kafin ku je. Sannan dan Allah iyaye a daina sayen maganin ɗigawa a kemis in sanyi ya shigo yara suna susar ido, ni na yi wannan kuskuren da ɗana, wani mai kemis ya ba ni wanda ke kashe ƙaiƙayi nan take, wata da watanni muna ɗigawa ashe mai wani sinadari ne da ake kira sitiroyid, a asibiti aka ce ya ɗaga masa hawan jinin ido aka hana. Mai ciwon suga ma a duba masa bayan ido duk shekara ko yana gani lafiya.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Allah ya ba Baba lafiya. Na karanta wa baban su ya yi shiru, ya ce ranar Litinin mu je tare shi ma a auna shi. Anti ita Usaina fa, ba ta nuna komai ba, in tafi da ita?

Anti Nas:
Tafi da ita, tagwaye ne, kuma ido ɗaya yana iya rufa wa ɗaya asiri. Ku fita da sassafe saboda layin kati, ki riƙe musu hula don rana. In Hajiya za ta yarda ku ɗauke ta ita ma, ta ji daga bakin likita, a duba mata yana.