Wai hawan sallah wasan kwaikwayo ne?

Autan Barga: Slm jama'a. Bana ne karo na farko da aka sa ni cikin 'yan lifidi a hawan Daushe, wlh ban san haka abin yake ba. Tun azahar aka sa mana kaya, lifidin nan cike da audugar rimi kamar ka yafa katifa, ga kwalkwali a ka, zufa na zubowa cikin ido ba halin gogewa don hannu ɗaya linzami ɗaya mashi. Kafin mu iso Ƙofar Kudu cinyata ta saluɓe, likkafa kuma ta ci min ƙafa don an hana ni sa kambas wai ba kayan da ba ne. Tunda ba yaƙi za mu ba, wasan kwaikwayon tarihi ne kawai, me zai hana a rage mana nauyin kayan?

Jikan Dogari: Kai yaro wasan me?? Hawan sarki kake ce wa wasan kwaikwayo? Wanda ya ba ka doki shi ya yi laifi.

Malam Na Tarihi: A yi masa adalci. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma don kibiya aka yi su. Yau wa zai harbe shi? Sa kayan yaƙi ba yaƙi ai kwaikwayo ne.

Jikan Dogari: Malam da girmanka. Jahi da hakimai ke yi gaban sarki mubaya'a ce ta gaske, ba fim ake ɗauka ba

Ɗan Boko: Abin da Turawa suka ƙirƙiro kuke ta hayaniya a kai, ku tuna wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna 1956

Malam Na Tarihi: Sunan Durbar kawai suka zo da shi daga Indiya. Hawa ya girme su nesa ba kusa ba.

Ɗan Boko: Kawo hujja

Malam Na Tarihi: Kai da ka fara faɗa ina taka?

Maman Biyu: Auta ka riƙa sa 'yar shara ta auduga a ciki, ka shafa hoda, ka sha ruwa sosai tun safe, maigidana haka yake yi. Kuma masu cewa kambas ba tarihi ba ne ai ina ganinsu da baƙin tabarau suna ɗaukar kansu hoto a kan doki, Kanajeji ne ya kawo waya?

Bakatsine: Ku Kanawa komai raki. Ku zo Katsina ku ga hawan Bariki, yaranmu ba sa kukan zafi

Jikan Dogari: Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya dai a 2024 hawan Kano ta sa a jerinta na al'adun gargajiya na duniya, ba na wani gari ba 😂

Bakatsine: Ashe yanzu Turawa ne alƙalai, ɗazu kuna zaginsu

Bazazzagi: Ku gama, kowa ya san inda dawaki suke

Jikan Dogari: Su wa suka kira ka?

Autan Barga: Ni fa maganar nauyin kaya na yi...

Admin: To ya isa haka, na rufe. Abin da aka tattauna: yawanci sun yarda hawa ba wasan kwaikwayo ba ne, ni ma kakana sulke ya sa har ya tsufa ban taɓa jin ya ce akwai nauyi ba. Malam ya kawo tarihi mun gode duk da ya ɗan kauce. An kuma tabbatar na Kano ne gaba. Auta ka janye kalmarka ka ba manya haƙuri. Bakatsine, gargaɗi na ƙarshe.

Autan Barga: Na janye. Hajiya wace irin hoda ce?