Yadda muke tantance zirga-zirgar bayanai tun da komai ya koma ƙofa ta 443

Mai kula da intanet na wata makaranta, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. A da, lambar ƙofa (port, wato lambar da ke nuna irin aikin da bayanai suke yi a intanet) kaɗai ta ishe ni in san abin da ke bin layinmu, domin 80 ta shafukan yanar gizo ce, 6881 kuwa ta BitTorrent, tsarin musayar fayiloli. Yanzu kusan komai ya taru a ƙofa ta 443 a ɓoye cikin lambobin sirri, kuma ga QUIC, tsarin aika bayanai da aka daidaita a 2021, wanda bidiyon YouTube ke bi ta hanyar aikawa da ake kira UDP, saboda haka leƙa cikin ƙunshin bayanai (packet, gutsuren da ake aika bayanai a cikinsa) ba ya ƙara mini komai. Ina roƙon waɗanda suka gwada rarrabe zirga-zirgar ta ƙididdigar girman ƙunsuna da lokacinsu su faɗa mana abin da suka gani.

Injiniya, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam. Na yi mako guda ina ɗaukar samfuri da Wireshark, manhajar duba bayanan da ke bin layi, kuma na lura cewa kowane irin aiki da tafiyarsa. Kiran murya ƙananan ƙunsuna ne masu kusan girma ɗaya, suna fita kamar kowane milisakan 20 ta ɓangarorin biyu. Bidiyo kuwa yana zuwa da manyan ƙunsuna, dab da bait 1500, ya kwararo a guje, ya yi tsit har abin da wayar ta tara ya ragu, sannan ya sake kwararowa. Mai sauke babban fayil ba ya hutawa ko kaɗan, kuma da wannan na raba shi da mai kallo.

Malama mai koyar da kwamfuta, Aliero:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma a yi hattara da tazarar lokaci. Na bi hanyar ƙididdiga ta Naive Bayes da masu bincike Moore da Zuev suka yi amfani da ita a 2005, na horar da manhajar rarrabewa da bayanan da aka tattara a ƙasar waje. Da na kawo ta layinmu na rediyo, wanda jinkirinsa ke hawa da sauka, musamman da damina, sai ta riƙa ɗaukar kiran murya a matsayin lilon shafukan yanar gizo. Ba ta daidaita ba sai da na tattara bayananmu na gida, na yi musu alama da hannu, aikin da ya cinye mini hutu guda, na kuma fi dogara da girman ƙunsunan farko da alkiblarsu.

Mai shagon intanet, Zuru:
Malama, ni matsalata VPN ce, wato manhajar da ke ɓoye duk bayanan mutum ta tura su ta hanya ɗaya. Yaro yana kunna shi sai murya da bidiyo da hira su cakuɗe a rami ɗaya. Idan abu ɗaya yake yi ina iya gane bidiyo ta wannan kwararowa da tsayawa, amma idan ya haɗa biyu sai dai in ƙayyade masa gudu kawai.