Wake, tumatir da maganin ƙwari: abin da muka gani da idonmu

Wata malamar makaranta, daga Kano:

Assalamu alaikum. A bara, bayan kaka da kamar wata huɗu, na aiki yarona kasuwa ya awo mini wake kwano uku, ya dawo da wani fari tas wanda babu huji ko ɗaya a jikinsa, har na yaba masa cewa ya fara iya cefane. Da na jiƙa shi domin in surfa in yi alala, sai wani wari ya taso irin na fiya-fiyar da ake yayyafa wa sauro, hannuwana kuma suka ɗauki ƙaiƙayi. Na wanke shi sau huɗu warin bai fita ba, daga ƙarshe na haƙa rami a gindin katanga na binne shi, domin ko akuya ban yarda ta ci ba.

Na kai maganar wurin matan da muke adashi tare, ashe kusan kowace tana da irin nata labarin. A nan muka yanke shawarar cewa da kaka za mu haɗa kuɗi a sayo mana wake daga ƙauye, mu shanya shi sosai, mu ɗura a jarkokin mangyaɗa da aka wanke suka bushe, mu toshe bakinsu da leda kafin a ɗaura murfi. Ina roƙon waɗanda suka taɓa ƙoƙarin raba abincin unguwarsu da maganin ƙwarin da ake zuba wa wake su faɗa mana yadda suka ƙare, musamman masu sana'ar hatsi da masu lambu.

Wani ɗan kasuwar hatsi, daga Dawanau:

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na taɓa zuba wa wake maganin da ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai saye zai damƙi wake a tafin hannunsa, da ya ga huji biyu sai ya watsar ya wuce rumfar gaba, inda aka jiƙe hajar da magani, ya biya kuɗi da murna. Mutumin da ya zuba jarinsa duka a buhu ɗari biyu, yana jin ƙwari suna ƙas-ƙas a cikin sito da daddare, ba ƙaramin imani ne zai hana shi sayen kwalbar nan ba.

Abin da ya fara girgiza mu shi ne matakin da Tarayyar Turai ta ɗauka a 2015, lokacin da ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka riƙa samu a cikinsa. A 2019 kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni, ko da yake wanda yake nema har gobe ba ya rasawa. Ni dai abin da ya raba ni da shi ba doka ba ce, buhun nan ne mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje, kowanne ana matse iskarsa a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki da kansu suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci su mutu. Sharaɗinsa biyu ne: waken ya bushe ƙamas, kuma kada ɓera ko tsinke ya huda ledar. Dabarar jarkarku ma ita ke nan, sai dai ku cika ta har wuya, kuma kada a riƙa buɗewa kullum ana ɗiba. Ku ware ta ci daban, ta ajiya daban.

Buhun ya fi na gama-gari tsada, shi ya sa ƙananan 'yan kasuwa suke ja da baya. Mu shida a layinmu muka haɗu muna saro shi tare, kuma idan mai saye ya zo sai mu kwance a gabansa ya sansana da hancinsa.

Wani mai lambu, daga bakin kogin Galma, Zariya:

Alhaji ya faɗi gaskiya game da masu saye, domin mu ma haka muke fama da su a kan kabeji da latas. Nawa darasin na same shi ne a 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ina feshi duk bayan kwana uku, ina gauraya magani iri biyu ko uku a tanki ɗaya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, in dawo gida kaina yana sarawa. Tsutsar kuwa tana cikin naman ganye tana cin abinta, maganin bai isa gare ta ba. Na yi asarar tumatir, na yi asarar kuɗin magani, sannan a ƙarshen rani na lura cewa kwaɗin da suka saba cika mana kunne a bakin kwalbati sun yi tsit, zuma ma ba ta zuwa kan furen kabewa.

Yanzu ina tuge karan tumatir in ƙone da zarar an gama ɗiba, kuma filin da ya yi tumatir bana albasa zai yi baɗi. Ban daina feshi gaba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce muku ruwan darbejiya kaɗai zai tare sharon bayan ta riga ta mamaye lambu, bai taɓa riƙe fartanya ba. Abin da muka iya cim ma a ƙungiyarmu ta masu lambu shi ne, ba wanda zai yi feshi yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa, sai ya cika kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba. Da farko har kusan faɗa aka yi a kan haka.

Wata dattijuwa, daga Maraɗi:

Ɗana mai lambu, ruwan bedi, wato darbejiya, riga-kafi ne, ba a jira sai cuta ta kama. Muna tsintar 'ya'yansa, mu bushe, mu daka, mu jiƙa ya kwana, mu tace da tsumma mu sa ɗan sabulu, sannan a fesa wa yakuwa da zogale da yamma. Saboda wannan amfani ne matan unguwarmu suka je wurin mai unguwa aka hana sassare itatuwan da ke bakin hanya.

Wani ma'aikacin jinya, daga Katsina:

Ina da jan hankali a kan abin da nake gani a wurin aiki. Wanda irin wannan guba ta kama yakan zo da dalalar yawu, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi, kuma sau da yawa sai an ɓata lokaci ana ɗura masa manja ko madara kafin a kawo shi, abin da kan sa ya shaƙe. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Haka kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi hayaƙi mai kisa take fitarwa, don haka kada a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane suke kwana. Malama, ku tabbatar jarkokinku ba su taɓa ɗaukar maganin feshi ba, domin wanki ba ya fitar da shi.

Malamar da ta fara magana:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji, bayaninka ya warware mini wani abu: cikin jarka tara da muka ɗura, ɗaya ce kawai ta yi ƙwari, kuma ita ce wadda maƙwabciyata take buɗewa duk Juma'a tana ɗibar na wake da shinkafa. Bana za mu gwada buhu mai riɓi uku guda biyu a kan jarkokin. Na kuma kwafe bayanin ɗan'uwanmu na Katsina, mai gidana zai kai wa limamin masallacin unguwa, tunda ya riga ya amince zai yi wa jama'a magana a kan ajiyar hatsi kafin sabon wake ya shigo kasuwa.