Wai wuƙar daji sai kabon mai kauri, sitenles ba ta aiki?

Mai Gatari: Salam 'yan'uwa. Ni dai yau zan faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Wuƙar da mutum zai shiga daji da ita ya kwana, in ba ƙarfen kabon ba ce mai kauri irin 1095 to bai riƙe wuƙa ba. Sitenles ta ado ce, ka ɗora ta kan gungume ka buga mata sanda sau uku bakin ya gutsure ko ta karye gaba ɗaya. Shekara ta shida ina riƙe da Becker BK2, kaurinta kwatan inci, na faskara itace da ita na tona rami na ɓamɓare ɓawo, ko gezau. A kawo min sitenles ɗin da za ta yi wannan.

Ɗan Maƙeri: Wa alaikumus salam Yaya. Kai kaurin ya cece ka ba sunan ƙarfen ba. Kwatan inci fa milimita shida ne da ɗoriya, wane ƙarfe ne za a yi shi haka ya karye a hannun mutum?

Mai Gatari: To me ya sa masu yin wuƙaƙen wahala suke komawa 1095? ESEE shi suke amfani da shi, Ka-Bar ma danginsa ne. Su ba su san sitenles ba ne?

Injiniya: Malam Mai Gatari bari in shigo nan don wannan maganar ta daɗe tana yawo kuma rabinta ce gaskiya. 1095 kabon ɗinsa kusan kashi 0.95 ne cikin ɗari, babu kuromiyam na a zo a gani, shi ya sa yake tsatsa kuma shi ya sa yake da daɗin wasawa. Amma ka duba taurin da ESEE ke barin nasu, 55 zuwa 57 ne a ma'aunin Rockwell, wato da gangan suka sassauta shi don in ya sha duka ya lanƙwasa maimakon ya tsinke. Ka ga ashe juriyar daga yadda aka gasa ƙarfen ta fito da kuma kauri. In ka kai 1095 ɗin nan 60 ka sirance bakin, wallahi zai gutsure maka kamar kowa.

Sannan sitenles ba abu ɗaya ba ne. Akwai masu manyan ƙwayoyin kabaid a ciki, wato ƙwayoyi masu tauri da kabon ke yi in ya haɗu da irin su kuromiyam, irin 440C, su ne suka ɓata wa sauran suna, don waɗannan ƙwayoyin kamar tsakuwa ne a cikin bulo, daga wurinsu tsaga ke farawa. Amma 14C28N da 12C27 na kamfanin Sandvik da AEB-L ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, asalin AEB-L ma don reza aka yi shi. Larrin Thomas, masanin ƙarafa ne a Amurka, ya yi ta gwajin karya ƙarafa da injin duka, kuma 14C28N da AEB-L sun fi 1095 jure duka a gwajinsa, ba da ɗan kaɗan ba ma.

Mai Gatari: Gwajin ɗakin bincike daban daji daban Injiniya. Ni da idona na ga sitenles ta rabu biyu a hannun abokina, daidai inda ruwan wuƙar ya shiga mariƙi.

Ɗan Maƙeri: Yauwa ka faɗi da bakinka, daidai inda ya shiga mariƙi. Wannan ai matsalar wutsiya ce, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga cikin mariƙi. Wuƙar da wutsiyarta siririya ce kuma aka yanke kafaɗar da kusurwa mai kaifi ba a ɗan zagaye ta ba, nan ƙarfin dukan yake taruwa, ko da wane ƙarfe aka ƙera ta nan za ta tsinke. Ni kaina na taɓa karya ta kabon a irin wannan wurin, ba zan kira sunan kamfanin ba, kulli ne a cikin itacen na yi ta bugu ban duba ba har ta ce ƙas. Ranar na yi baƙin ciki sosai don ita kaɗai ce a jikina kuma dare ya kusa.

Baba Mafarauci: Yara ku bar ni in sa baki. Ni abin da ke damuna da wuƙar nan taka Mai Gatari nauyi ne da kauri. Kusan rabin kilo kake ratayawa a ƙugu. To aikin daji fa yawancinsa ƙanana ne, fiƙe turke, yanka igiya, feraye busasshen itace ya yi siriri kamar gashi don wuta ta kama, sassaƙa abin tarko. Da wuƙa mai kaurin kwatan inci kafin ka feraye sanda biyar wuyan hannunka ya gaji, kuma hannun da ya gaji shi ke yanke mai shi. Wuƙa ba gatari ba ce. In faskare kake so ka ɗau ƙaramin gatari ko zarto mai naɗewa, ka bar wuƙa ta yi yanka.

Mai Gatari: Baba ina girmama maganarka amma ni lissafina na ranar da komai ya ɓace ne, jaka ta faɗa ruwa, gatari ya tafi, abin da ke ƙugunka kawai ya rage.

Baba Mafarauci: Ɗana in jakar ta faɗa ruwa ai kai ma ka jiƙe, kuben ya jiƙe, kuma 1095 a cikin jiƙaƙƙen kube kafin gari ya waye ta yi ja. Fentin da suke shafa mata jiki yake karewa, bakin da ke yanka a buɗe yake, kuma tsatsa bakin take fara ci. Ka lura da kyau, hujjar taka ta fi goyon bayan sitenles.

Hajiya Mai Tafiya: Ni tambaya ce da ni da kuma shaida. Shaidar ita ce shekara huɗu ina yawon duwatsu da kwana a tanti da Mora Companion ta sitenles, kaurinta milimita biyu da rabi, ko giram 150 ba ta kai ba, kuma na sha faskara itace mai kaurin damtsena da ita a hankali ba ta taɓa ba ni kunya ba duk da wutsiyarta ba ta kai ƙarshen mariƙi ba. Marigayi Mors Kochanski na Kanada da ya shekara da shekaru yana koyar da zaman daji a cikin sanyin da mu ko a mafarki ba mu sani ba, ƙaramar Mora yake ratayawa a wuya. Tambayar kuma, an ce min sitenles ba ta tada wuta, gaskiya ne?

Mai Gatari: Gaskiya ne Hajiya, wannan ma wata hujjar ce da na manta. Kuma Kochanski ɗin da kika kawo ai ta kabon ya fi so.

Injiniya: Kan Kochanski ka yi daidai, kabon yake yabawa, amma siririya mai tsawon faɗin tafin hannu, ba irin taka ba. Maganar wuta kuma abu biyu ake haɗawa. In ƙyastu ne na asali, ka bugi dutse da bayan wuƙa, to tartsatsin ƙarfen wuƙar ne da kansa dutsen ke kankarowa yana kamawa, nan kam dole sai kabon mai tauri, sitenles ba za ta ba ka komai ba. Amma sandar fero, ƴar sandar tada tartsatsi da kowa ke ɗauka yanzu, ita sandar ce ke ƙonewa, abin da ake buƙata kawai gefe mai kusurwa da zai kankare ta, ko fasasshen gilashi ma yana yi. Hajiya bayan Companion ɗinki a zagaye yake shi ya sa ba za ta yi ba, ki ɗan goga shi da magagari ya miƙe ki gani. Garberg da kamfanin Mora suka fitar a 2016 an riga an gyara bayanta don haka, 14C28N ce, wutsiya har ƙarshe, milimita 3.2.

Hajiya Mai Tafiya: Allah ya saka da alheri, zan gwada magagarin.

Sabon Shiga: Manya ku yi haƙuri ni sabo ne, ina ta jin ana cewa ƙarafan 3V da MagnaCut sun kashe wannan gardamar gaba ɗaya. Kuma D2 fa? Ita nake shirin ɗauka.

Ɗan Maƙeri: Ƙanina D2 kam don Allah ka dakata in dai duka za ka yi da ita. Kabon kashi 1.5, kuromiyam kusan 12, tana riƙe kaifi in kana yankan igiya ko kwali amma cike take da manyan kabaid ɗin da Injiniya ya faɗa, ka hau kulli da ita sai ka ga giɓi a baki, kuma cire giɓi daga D2 da ɗan dutsen aljihu aiki ne na yini.

Injiniya: 3V kuwa gaskiya ƙarfe ne, ba ni da abin cewa. Da garin ƙarfe ake yin sa a matse shi da zafi shi ya sa ƙwayoyin suke ƙanana a warwatse daidai, kabon 0.8, kuromiyam 7.5, banadiyam 2.75, yana shan duka a taurin 60 inda 1095 zai fara kuka. Ba sitenles ba ne amma bai kai 1095 saurin tsatsa ba ko kusa. MagnaCut shi Larrin ɗin ne ya tsara shi ya fito a 2021, dabarar ita ce ya rage kuromiyam zuwa wajen 10.7 yadda ba zai haɗu da kabon ya zama kabaid ba, sai ya zauna a narke cikin ƙarfen yana tare tsatsa. Sai dai akwai inda zan ba Mai Gatari gaskiyarsa, kabaid ɗin banadiyam ya fi dutsen wasa wuƙa na yau da kullum tauri, in ba ka da farantin wasa wuƙa na daimon a aljihu za ka sha wahala.

Mai Gatari: Alhamdulillahi an zo wurin. Ni tawa in ta dakushe, dutsen bakin rafi mai santsi ya ishe ni, in ƙarasa da bel ɗin fata. Wanda ya ɓatar da daimon ɗinsa a daji da MagnaCut a hannu yaya zai yi? Kuma ku dubi wuƙar kukri ta Nepal, da sifirin mota ake ƙera da yawansu, dangin 5160, sara suke yi da su kullum. Mutanen da rayuwarsu ke kan wuƙa kabon suke riƙewa.

Baba Mafarauci: Wannan ta sifirin na yarda da ita ɗari bisa ɗari, in wuƙa doguwa ce ta sara to 5160 ko 80CrV2 babu kamarsu, kabon ɗinsu bai kai na 1095 ba shi ya sa ma suka fi shi jure duka. Amma ka ce mutanen da rayuwarsu ke kan wuƙa, to matuƙan jiragen yaƙin Suwidin fa? Fallkniven F1 ake ba su tun 1995 don in jirgi ya faɗi da su a daji, kuma an daɗe ana yin tsakiyarta da VG10, sitenles ta Japan, an lulluɓe ta da sitenles mai laushi gefe da gefe.

Mai Gatari: VG10 ɗin da kowa ke kukan tana gutsurewa Baba?

Ɗan Maƙeri: Tana yi in an sirance ta da yawa, shi ya sa F1 aka yi mata baki mai tudu kamar na gatari, nama na bayan kaifin yana tallafe shi. Kuma Yaya 12C27 da 14C28N su ma dutsen rafin naka yana wasa su, ba su da banadiyam ɗin da zai hana.

Mai Gatari: To na janye kalmar ado, na yi mata faɗi da yawa. Amma kauri ban janye ba, kuma ban ga abin da zai sa in ajiye BK2 ba. Ɗan Maƙeri kai kana da Garberg ko? Ka zo da ita ranar da za mu fita, gungume ɗaya busasshe mu raba biyu kowa ya faskara nasa, sannan kowa ya feraye sanda goma, a duba bakin wuƙaƙen a rana a kuma duba tafin hannuwa.

Ɗan Maƙeri: Na amince Yaya, amma da sharaɗi ɗaya, bayan an gama a tsoma su duka a ruwa a mayar kube ba gogewa ba mai, sai da safe a zaro.

Sabon Shiga: Ni dai na fasa D2 ɗin. Injiniya tsakanin 14C28N da 80CrV2 wanne zan fara da shi in inda nake zuwa akwai yawan ruwan sama?

Injiniya: 14C28N, inci huɗu, wutsiya har ƙarshe, kauri kada ya wuce milimita huɗu. Ka haɗa da ƙaramin zarto.