Kuromosom na ɓacewa a haɗin dankali da tumatir: wa ya taɓa gani?

Ɗalibar mastas: Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Na narkar da bangon ƙwayoyin ganyen dankalin turawa da na tumatir, na haɗe furotofilas ɗinsu (ƙwayoyin da aka cire wa bango) da sinadarin PEG, kalus (dunƙulen ƙwayoyin da ke girma a kwalba) ya fito lafiya lau. Dankalin kuromosom (ƙunshin DNA da ke ɗauke da gado) 48 gare shi, tumatir 24, ke nan 72 ya kamata in gani. Amma sittin da 'yan kai nake ta ƙirgowa, kuma ƙwayoyi biyu daga kalus ɗaya ba sa ba ni adadi ɗaya. Hannuna ne, ko dama haka abin yake?

Mai kula da lab: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, fara duba yadda kike danne gilashin. In kin matsa da yawa ƙwayar fashewa take yi, kuromosom su watse, to wadda gefenta bai fashe ba kaɗai za ki ƙirga. Sannan ki nemi ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa. Ni abin da na sha gani ke nan: rukuni biyu sun ja, wannan ya yi nan wancan ya yi can, sai ga guda ɗaya ko biyu kwance a tsakiya, zaren da ke jan kuromosom lokacin rabuwa bai kama su ba. A ƙwayoyin da suka gama rabuwa kuma za ki ga ɗan ɗigo mai launi a gefen cibiyar ƙwayar. Wanda aka bari a baya ne ya dunƙule, daga baya ƙwayar ta narkar da shi. In kin ga wannan, hannunki ba shi da laifi.

Malamin jinetiks: Abin ya girme ki, ɗiyata. Melchers da abokan aikinsa sun yi wannan haɗin a Jamus tun 1978, tsiron ya fito amma bai zama abin nomawa ba. Kafin nan, a 1977, Kao ya haɗa waken soya da wani dangin taba, na tabar suka riƙa zubewa. Kin tara gida biyu a ɗaki ɗaya, kowa da lokacin tashinsa: ɓangare ɗaya ya gama kwafar DNA ɗinsa ya shirya rabuwa, ɗayan bai kammala ba. Ga kuma ƙugun kuromosom, wurin da zaren ke kamawa ya ja. Akwai furotin CENH3 da ke zama a wurin, in bai zauna daidai ba zaren ba shi da abin riƙo. A sha'ir aka nuna wannan sosai. Kasha da Kao sun ga a 1970 cewa in aka yi barbarar sha'irin gona da na daji, Hordeum bulbosum, kuromosom na dajin kaf suke ɓacewa, sai a 2011 aka danganta hakan da rashin CENH3 a ƙugunsu. Wancan barbara ce ta fure, naki haɗin ƙwayoyin jiki ne, amma ni can nake fara kai ɗalibaina.

Mai aikin lemo: Allah ya gafarta Malam, ni kam ban sha wannan wahalar ba. Lemo da lemo nake haɗawa, 18 da 18, kuma 36 nake samu kusan kullum. Ko haɗin farko da Carlson ya yi a 1972 taba ce da taba, 24 da 18, ya sami 42 cif. Kusancin dangi ne.

Tsohon ɗalibi: Kada a ɗora wa nisan dangi komai. Malama, wata nawa kalus ɗinki ya yi a kan 2,4-D, sinadarin nan da ke sa kalus girma? Nawa ma da ba haɗi ba ne, da ya daɗe a kwalba adadinsa ya rikice. Na ga kuromosom mai ƙugu biyu, zare na ja ta nan wani na ja ta can, ya miƙe tsakanin rukunin biyu har ya tsinke. Bakin da ya tsinke ya sake mannewa, a rabuwa ta gaba a maimaita. McClintock ta bayyana wannan a masara tun tuni. Shawarata, da kalus ya kai girma ki mayar da shi kan abincin fitar da toho, kada ki yi ta dashensa.

Mai neman juriyar cuta: Ni abin da kuke kuka da shi nake nema! Guntu kawai nake so daga tsiron daji, don haka da gangan nake haska ƙwayoyinsa da hasken gama kafin haɗi, don su kakkarye su zube. Matsalata ba sa zubewa yadda nake so, wani lokacin mai amfanin ne ke tafiya tarkacen su zauna. Ki yi gwajin rini na GISH, zai rina miki na dankali launi daban na tumatir daban, ki san na wa ke tafiya.

Ɗalibar mastas: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na koma madubi, ɗigon nan yana nan a ƙwayoyi da dama. Kalus ɗin kuwa ya daɗe. Malam, in toho ya fito, saiwa ɗaya ta isa ƙirga?

Malamin jinetiks: Ba ta isa ba. Tsiro ɗaya na iya tashi daga ƙwayoyi masu adadi daban-daban. Ki ƙirga a saiwoyi da yawa, ki auna DNA na ganye daga rassa daban, in kin yanki reshe kin dasa kuma ki sake ƙirgawa.