Ramin mahjar (wurin fasa dutse) da aka bari kusa da garkenmu a hanyar Jumum: wa ke da alhakin gyara shi?

Mai Garke:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya san kan wannan magana. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon awaki da 'yan tumaki a wani fili da nake haya a bayan Makka, ta wajen Jumum. Da na zo, na tarar da mahjar a gindin dutsen da ke gabas da mu, da kassara da ke niƙa tsakuwa dare da rana. Mun sha ƙura, mun sha ƙarar nakiya har bangon ɗakin makiyayina ya tsage, muka yi haƙuri tunda mu muka tarar da su. Bara waccan suka kwashe injinansu suka tafi, ko sallama babu.

Abin da suka bar mana rami ne, zurfinsa a idona ya kai bene mai hawa huɗu, bakinsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, ba shinge ba allon gargaɗi. Ga tulin baraguzan dutse da suka jibge a bakin kwarin da ruwa ke bi. Da aka yi ruwa a hunturun nan sai ya karkata ya biyo ta garken, saura ya taru a ramin ya zama kududdufi, kore shar. Ran Juma'ar da ta wuce wata akuyata mai ciki ta zame ta faɗa. Ina tsaye ina jin kukanta, babu ta inda zan sauka. Akuya kam ta tafi, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya hana ni barci shi ne sawun takalman jikokina da na gani har bakin ramin. Shin doka ta yarda mutum ya kwashi arziki ya bar wa maƙwabta wannan? Wace hukuma zan dosa? Kuma mai iƙama irina, wato baƙo mai takardar izinin zama a Saudiyya, ana sauraronsa?

Ɗan Misfala:
Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya tsare yara. Doka ba ta yarda ba ko kaɗan. Lasisin fasa dutse yana hannun Ma'aikatar Masana'antu da Ma'adinai, wadda aka kafa a 2019, kuma sabuwar dokar zuba jari a harkar ma'adinai ta fara aiki ne ran 1 ga Janairun 2021. A ƙarƙashinta mai lasisi yana gabatar da tsarin yadda zai gyara wurin ya rufe shi idan ya gama, ya kuma ajiye kuɗin lamuni. Amfanin kuɗin shi ne, in ya gudu bai gyara ba, akwai abin da za a taɓa. Ɓangaren ƙura da ɓata muhalli kuwa na Cibiyar Sa Ido kan Bin Dokokin Muhalli ne, lambar kai musu ƙara 988. Ka kuma kira baladiyya, wato hukumar gari, a 940 saboda kwarin da aka toshe. Don Allah kada ka ɗauki maganar kwarin da wasa. Duk wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, da ta ci rayuka sama da ɗari, ya san abin da ruwa ke yi in an tare masa hanya. Batun iƙama kuma, haɗari kake sanarwa, ba rigimar fili kake ba. Ka ɗauki hotuna, ka tura musu wurin a taswirar waya.

Tsohon Direban Katafila:
Alhaji, sannu da rashi. Na yi shekara tara ina aiki a kassara ta wajen Bahra kafin ƙirjina ya ce in huta, don haka bari in faɗa maka abin da za ka nema, kada a zo a yi maka gyaran ganin ido. Ba a cike irin wannan ramin gaba ɗaya, dutsen da aka cire ya riga ya zama kwalta da gidaje. Abin da ake yi shi ne a sassare bangon nan da ke tsaye ya koma hawa-hawa kamar matakala, yadda ko dabba ta zame za ta tsaya a hawa na farko. Sai a tura baraguzan nan cikin ramin, a buɗe wa ruwa tsohuwar hanyarsa, a zagaye wurin da tudun ƙasa ko shingen waya.

Inda ake cin amana shi ne ƙasar sama. Kafin a fara fasa dutse, ya kamata a kankare wannan 'yar ƙasa mai laushi a tara ta gefe guda, domin a cikinta irin ciyawa da na itatuwa suke kwance. A ƙasa irin wannan da ruwa bai da yawa, kaurinta wani wurin bai wuce taƙi ɗaya ba. Da idona na ga inda aka ajiye ta, aka mayar bayan an gama, ruwa biyu kawai samur (wata itaciyar ƙaya) da kurna suka fara tsirowa da kansu. Na kuma ga inda aka cakuɗa ta da tsakuwa aka loda wa tifa aka sayar. Can ko bayan shekara goma babu ko tsinke. Ka zagaya bayan tulin ka duba ko akwai wata ƙasa mai duhu da ciyawa ta fito a kanta. In akwai, ka nuna wa masu binciken, ka roƙe su kada a tura ta ƙasan rami.

Maman Yara:
Baba, kafin hukuma ta iso, ka hana yaran zuwa gaba ɗaya. Ruwan irin wannan rami ba kamar na kududdufin gida ba ne da ake takawa a hankali, taku ɗaya ne mutum ya nutse, ga duwatsu masu kaifi a ƙasa. Kada kuma dabbobi su sha, ba ka san man inji nawa aka zubar a ciki ba. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, 911 za ka kira. Sannan kai da makiyayin ku je a duba ƙirjinku, shekara da shekaru kuna shaƙar ƙurar dutse, ita kuwa in ta zauna a huhu ba ta fita.

Mai Garke:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jiya babban ɗana ya kira lambobin biyu, an ba mu lambar ƙara. Mai filin ma ya ce zai sa hannu. Malam direba, na zagaya kamar yadda ka ce, na sami wani tudu a bayan baraguzan, ƙasarsa ta fi sauran duhu, har da 'yan ƙananan samur guda uku a kai. Na ɗauki hotonsa. Yau da asuba ni da makiyayi muka jera tsofaffin tayoyi da gangunan ruwa a gefen da yara ke bi, muka ɗaura igiya. Gobe zan sayo wayar shinge.